Firamaren Unguwa Ko Makarantar Kuɗi: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Kai Yaro

Duk lokacin da dogon hutu ya kusa ƙarewa, magana ɗaya ce ke yawo a majalisu da tsakar gidajen Kano: ina za a sa yaro? Bana maganar ta shigo har cikin gidanmu. Ƙanena yana zaune a wata unguwa cikin ƙaramar hukumar Gwale, 'ya'yansa uku, babbar ta cika shekara shida. Firamaren gwamnati na nan kusa, yaro zai taka da ƙafa ba tare da ya hau titi ba. A layinsu akwai makarantar kuɗi, gidan zama ne aka mayar makaranta. Can gaba kuma akwai wata babba mai bene da motar ɗaukar yara. Ya same ni ya ce, "Yaya, kai ka taɓa riƙe alli, zo mu duba tare kafin in yanke." Sati biyu muka yi muna zagayawa, tun kafin a ba da hutu, don makaranta ba a gane ta sai yara na ciki.

Babbar mai benen tun ranar farko muka cire ta daga lissafi. Tana da kyau, amma kuɗin zango ɗaya na yaro ɗaya ya kusa cinye abin da ƙanena ke samu a wata, ga biyu na tafe a baya. Wanda Allah ya hore wa, ba da shi nake ba. Zaɓin da yawancin magidanta ke fuskanta tsakanin biyu ne: firamaren gwamnati ta unguwa, ko ƙaramar makarantar kuɗi ta cikin layi. Kuma abin da na fahimta shi ne, mutane da yawa suna yanke hukunci tun daga allon sunan da ke bakin ƙofa. An ga "gwamnati" an kau da kai, an ga yunifom mai launi da sunan Turanci an saki jiki. Alhali sunan makaranta bai taɓa koya wa yaro baƙi ko wasali ba.

Bari in fara da abin da doka ta ba ka, don da yawa ba su san haƙƙinsu ba ne. An ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma haramta karɓar kuɗin makaranta a makarantun gwamnati na wannan mataki. Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma su tafiyar da makarantun. A nan Kano an shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a Yunin 2024 aka ayyana dokar ta ɓaci a kan ilimi. Duk wannan yana nufin idan ka kai ɗanka firamaren unguwa, ba alfarma ka je nema ba. Makarantarka ce, kana da bakin tambaya a cikinta fiye da yadda kake da shi a makarantar da wani ya gina da kuɗinsa.

Yanzu malamai, inda mutane suka fi yin kuskure. Mafi ƙarancin takardar da tsarin ilimin ƙasa ya yarda a koyar da ita ita ce NCE, wadda ake yin shekara uku a kwalejin ilimi kafin a samu, irin kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso. A firamaren da muka duba, yawancin malaman suna da ita, wasu har da digiri, wasu sun haura shekara ashirin suna aji. A makarantar layin kuwa, da na tambayi mai makarantar, bai ɓoye ba: rabin malamansa matasa ne da suka gama sakandare suna jiran samun gurbin karatu. Ba laifinsu ba ne, kuma wasu cikinsu suna da ƙwazo ƙwarai. Amma albashin da ake ba su bai kama ƙafar mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta sa a 2024, naira 71,000, ba, don haka da zarar wata ƙofa ta buɗe sai su tafi. Yaron aji ɗaya da aka canza masa malama sau uku a shekara kullum daga farko yake farawa.

Sai dai takarda ba ita ce koyarwa ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Kaduna a 2017 ba, lokacin da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka kasa kai makin da aka sa. Kuma malamin gwamnati ya san albashinsa ba ya hannun hedimasta, balle hannun iyaye, don haka wanda ba shi da tsoron Allah zai iya sa hannu a rajista ya zame. Malamin makarantar kuɗi ba shi da wannan damar, mai makaranta na tsaye a kansa. Kenan a gwamnati ka fi samun wanda ya iya, a ta kuɗi ka fi samun wanda yake nan. Aikinka shi ne ka gano ko a firamaren unguwarku waɗanda suka iya ɗin suna shiga aji.

Hanyar ganowa ba ta da wuya. Kada ka je ranar Litinin da sassafe lokacin da ake taron layi, kowa na nan, ana rera taken ƙasa. Je ranar Laraba ko Alhamis bayan an dawo daga tara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ka gaisa da hedimasta, ka nemi izini, ka taka a hankali ta gaban azuzuwa kana ƙirgawa: aji nawa ne malami ke tsaye yana aiki, aji nawa ne monita ke riƙe da tsumagiya yana rubuta sunayen masu surutu? Mu sau uku muka je. A zuwa na farko azuzuwa biyu babu kowa, a na biyu guda ɗaya, a na uku duk da malamai. Wannan a wurina sakamako ne mai kyau. Na san makarantun da in ka je a wannan lokacin za ka tarar da malamai sun haɗu a gindin bishiyar darbejiya, yara kuma na tsalle a kan benci.

Babban ciwon firamaren gwamnati a cikin birni cunkoso ne, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Tsarin ilimin ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35. A ajin farko da muka leƙa na tsaya a bakin taga na ƙirga har na wuce tamanin, ban kai layin baya ba. Na gaba suna kan benci uku uku, na tsakiya a kan tabarma, na baya a kan siminti, wasu sun ɗora littafi a gadon bayan na gabansu suna rubutu. Malamar, dattijuwa ce mai murya, ta rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo, tana nunawa da sanda, aji na amsawa da ƙarfi har ginin na amsa kuwwa. Daga nesa sai ka ce kowa ya iya. Amma na kula da wata yarinya a kusurwa, bakinta na motsi tare da na kowa, idonta kuwa na kan ƙofa. Irin wannan yarinyar za ta iya kai wa aji huɗu tana amsa amo ba ta san harafi ba, kuma ba wanda zai lura, don malama ɗaya ba ta da ido tamanin.

A makarantar layin yara ashirin da biyar ne a aji ɗaya. Ɗakin ƙarami ne, asalinsa ɗakin kwana, taga ɗaya, ga zafi. Amma malamar ta san sunan kowa, kuma da na ɗauki littattafan rubutu uku na buɗe, na ga jan biro a shafin jiya. Wannan shi ne ainihin abin da kake saye da kuɗinka a ƙaramar makarantar kuɗi: a san yaronka da suna, a duba aikinsa. Ba ƙaramin abu ba ne, musamman a shekara biyun farko. Duk makarantar da ka je, ta gwamnati ko ta kuɗi, ka roƙi littafin rubutun yaro wanda kai ka zaɓa, ba wanda aka miƙo maka ba, ka duba ranar ƙarshe da malami ya sa hannu.

Gwajin da ya fi kowanne faɗa mini gaskiya shi ne na karatu. Na rubuta gajeren labari na layi biyar da Hausa a takarda, game da akuya da ta shiga gonar maƙwabci, na sa a aljihu. A kowace makaranta na nemi a bar ni in zauna da 'yan aji uku su biyar, ni zan nuna su. Kowa ya karanta, sannan in tambaye shi me ya faru a labarin. A firamaren gwamnati biyu sun karanta tsaf suka ba ni labarin, ɗaya yana haɗa gaɓa da gaɓa a hankali, biyu ba su iya ba. A makarantar layin abin ya ba ni mamaki ta wata fuskar. Yaran sun iya rera haruffan Turanci da waƙoƙi, sun iya gaisuwa da Turanci cikin ladabi, amma uku cikin biyar sun kasa karanta Hausar, kuma da na ba su jimla ta Turanci daga littafinsu sun furta ta daidai, sai dai ba su san abin da take nufi ba. Hadda ce aka yi musu. Yara goma ba su isa a yanke wa makarantu hukunci ba, amma sun isa su hana uba ruɗuwa da "gud monin sa" da ɗansa ke yi masa da safe.

Wannan batun harshe yana taɓa ni sosai. Shekaru da dama a baya tsarin ilimin ƙasa ya ce a koyar da yaro da harshen da ake yi a muhallinsa a shekaru ukun farko, Turanci ya zama darasi, daga aji huɗu a juya. Hikimar a fili take. Rubutun Hausa na boko yadda ake furta shi haka ake rubuta shi, yaron da ya gane cewa k da a suna ba da ka ya riga ya sami mabuɗi, kuma da wannan mabuɗin zai buɗe Turanci daga baya. Tun makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa aka fara koyar da boko a garin nan. Makarantun kuɗi da yawa suna hana yin Hausa, har da tara ga wanda ya yi, saboda abin da iyaye ke son ji ke nan. Idan malamar kanta Turancin bai zauna mata ba, yaro ya tashi a tutar babu: bai iya karatu da harshensa ba, bai kuma fahimci na aron ba. Inda makarantar kuɗi ta fi da gaske shi ne idan malamanta sun iya Turancin sosai, nan kam yaro zai fi sakin baki da wuri, kuma hakan zai taimake shi a jarrabawar shiga sakandare, wadda da Turanci ake yin ta.

Maganar kuɗi kuwa, kada ka tambayi na zango kawai. Ka ce a rubuta maka duk abin da za ka biya daga Satumba zuwa Yuli: kuɗin fom, yunifom da kayan wasanni waɗanda dole a wurinsu za ka saya, littattafai, kuɗin jarrabawa, kuɗin bikin ƙarshen shekara. Ka ninka da yawan 'ya'yanka, har da waɗanda ke goye, sannan ka tambayi kanka ko za ka iya ɗaukar wannan shekara shida ko da kasuwa ta yi sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya ga yadda kuɗin makaranta da na Adaidaita Sahu suka tashi, kuma firamaren gwamnati da dama sun karɓi yaran da aka ciro daga makarantun kuɗi. Abin da ya fi cutar da yaro shi ne a riƙa koro shi gida saboda bashi, ya yi sati biyu a waje, ya koma an wuce shi, ga kunya a gaban 'yan ajinsu. Ita ma ta gwamnati ba a cewa ba a kashe ko sisi. Akwai yunifom, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin tara, wani lokaci da ɗan abin da ƙungiyar iyaye da malamai ta amince a tara don alli ko gyaran famfo. Amma ba a haɗa su a ma'auni ɗaya.

Nisa da tsaro su ne inda firamaren unguwa ta yi wa kowa fintinkau, in dai tana da katanga da maigadi. Yarinya 'yar shekara shida da za ta tafi cikin ayarin yaran layinsu, kowane mai shago ya san 'yar gidan wane ce, ta fi wadda za a cusa cikin ɗan sahu da yara takwas kwanciyar hankali. Ka bi hanyar da ƙafarka, ka duba ko akwai babbar kwata ko kududdufi da ke cika da damina. Ka duba ko filin makarantar ya zama hanyar wucewar jama'a ko matattarar zauna gari banza da yamma. Game da makarantar kuɗi, ka nemi ganin takardar izininta. Bayan abin baƙin cikin da ya faru da wata ƙaramar ɗaliba a farkon 2022, gwamnatin Kano ta janye lasisin makarantun kuɗi don a sake tantance su, kuma tun daga lokacin babu mai makarantar kirki da zai ji haushi don uba ya tambayi takarda da tarihin ma'aikatansa.

Banɗaki da ruwa kada ka yarda a ba ka labari, ka je ka gani. A firamaren mun tarar da rijiyar burtsatse tana aiki, banɗakin mata daban da na maza, amma biyu daga ciki ba ƙofa. A makarantar layin banɗaki ɗaya ne ga kowa, yana da tsabta, filin wasa kuwa babu ko na taku goma.

Abin da ya karkata zuciyata a ƙarshe hedimastan firamaren ne. Na tambaye shi, "Ranka ya daɗe, yara nawa ne a aji ɗaya, malamai nawa kake da su?" Bai buɗe durowa ba, ya faɗa mini da ka, ya kuma faɗi inda yake da giɓi, ya ce ya rubuta wa ofishin sakataren ilimi yana neman ƙarin malamai biyu. Ya nuna mana rajistar zuwan malamai da jan layin da yake ja da ƙarfe takwas, duk wanda ya sa hannu a ƙasan layin ya makara. Ya kira mana sunan shugaban kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, kwamitin da ke haɗa mai unguwa da iyaye da malamai da wakilan mata, ya ce su suka gyara rufin azuzuwa biyu da iska ta yaye bara. Makarantun gwamnati biyu za su iya zama a ƙaramar hukuma ɗaya, albashi ɗaya, manhaja ɗaya, amma ɗaya ta zama makaranta ɗaya ta zama wurin ajiye yara, kuma kusan kullum bambancin daga ofishin hedimasta da wannan kwamiti yake fitowa. Idan ka tambayi yaushe kwamitin ya yi zama na ƙarshe aka fara kallon juna, ka san inda kake.

Akwai kuma lissafin Islamiyya, wanda ba gidan da zai bar shi. Firamaren gwamnati na tashi da azahar, yaro ya ci abinci, ya huta, ya tafi Islamiyya da la'asar. Wasu makarantun kuɗi suna haɗa boko da Islamiyya da hadda, su riƙe yaro har yamma. Ga iyayen da dukansu ke fita aiki wannan sauƙi ne babba, kuma kuɗi ɗaya za ka biya maimakon biyu. Amma ka tambayi awa nawa ake ba lissafi da karatu a cikin wannan dogon yini, ka kuma dubi fuskar 'yan aji ɗaya da ƙarfe uku.

To, wa zan ba wace shawara? Idan ajin farko na firamaren unguwarku ya cika ya batse, malamai na fashi, hedimasta bai san adadin yaransa ba, kuma a gida babu wanda zai zauna da yaro da dare, to ka daure ka kai shi ƙaramar makarantar kuɗi, amma wadda ka gwada 'yan aji ukunta da kanka, ko da na shekara biyu ko uku ne har karatu ya kama. Idan kuwa malamai na shiga aji, shugaban na tsaye, kuma akwai mai karatu a gida, uwa ko yaya ko kawu, firamaren unguwa ta fi makarantar kuɗi mai arha, kuma rarar da ka samu za ta sayi littattafan karatu, ta biya malamin lesin na yamma da zai zauna da yara biyar ko shida, ta kuma bar maka abin da za ka tara don sakandare, inda kashe kuɗi ya fi tsanani.

Ƙanena firamaren ya zaɓa. Matarsa ta gama sakandare, ta ɗauki nauyin minti ashirin bayan sallar isha kullum, ita da yarinyar da littafi. Ya roƙi a sa ta a ajin dattijuwar malamar nan, ya sayo mata ɗan benci wanda za ta zauna da wasu yara biyu a gaba, ya kuma ba da sunansa a kwamitin makaranta. Mun yi da shi cewa a ƙarshen zango na biyu zan zo da takarda mai kalmomi ashirin masu gaɓa biyu, irin su gida, rana, tuwo, keke. Idan ta karanta goma sha biyar, ta zauna. Idan ba ta kai ba, mu koma wurin malamar mu ji daga bakinta kafin a yi maganar canji.